Jirgin da Nasiru Yake Hawa a Ankara

Tun da na dawo daga Ankara ta ƙasar Gana ba a bar ni na huta ba. In na je kasuwar albasa a Aliero a tare ni, in na fito masallaci a nan Jega Firchin a riƙe mini hannun riga, kuma tambayar kowa ba ta wuce biyu: da gaske ne na hau abin nan, kuma da gaske ne Nasiru lafiyarsa lau? Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har na ji ana cewa wai na suma an yayyafa mini ruwa. Ban suma ba. Ga yadda abin ya kasance.

Nasiru ƙanena ne, shi ne autan Innarmu. Shekarun baya yana rakiyar kayan albasa zuwa Kurmi, can kudu, sai motar da suke ciki ta kife a wani gangare gaba da Maiyama. Shi ya fita da 'yar ƙujewa, amma abokinsa Lawali, wanda suke zaune kafaɗa da kafaɗa a kan buhuna, bai tashi ba. Daga ranar Nasiru ya daina shiga mota. Ko kabu-kabu aka tsayar masa sai jikinsa ya ɗauki ɓari, daga Jega zuwa Aliero a ƙafa yake zuwa. Wani ubangidanmu mai rumfar albasa a Ankara ya ce a ba shi shi, ko sauyin wuri zai zama magani. Da ƙyar aka lallashe shi, ya yi tafiyar nan duka a kwance da rawani a fuska. Da ya isa ya aiko cewa shi da hanya sun rabu. Bai zo auren 'yata ba, bai zo rasuwar kawunmu ba. Waya dai yana yi, yana kuma aiko wa Inna saƙo.

Bana, bayan an cire albasar rani, wata maƙwabciya ta shigo wa Inna da waya a hannu. Bidiyo ne. Ga Nasiru a ɗaure cikin wata kujera, ya karkace kamar za a zubar da shi, baki buɗe yana kwarara ihu, can kuma ya ɓarke da dariya hawaye na zuba. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce ƙwaya ce, wasu suka ce iskokin wurin hatsarin ne suka bi shi. Na kira shi don in ji ta bakinsa, maimakon ya kwantar mini da hankali sai ya shiga ba ni labarin wani jirgi wai shi Guguwa, wai sabo ne, wai gangarensa na farko ya fi na tsohon amma an gajarta masa ƙarshe. Ya yi ta zuba ban gane komai ba. Mutumin da ko kalmar gangare ba a faɗa a gabansa. Nan ni ma na fara tunanin ko mutanen unguwa sun yi gaskiya.

Inna ta rage cin abinci. Wata safiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Umaru, ka tahi ka gano min ɗana. In hankalinai ya taɓu ka kawo min shi, in yi jinyatai da hannuna." Ta miƙo mini ƙullin garin magani da ta karɓo wurin wata tsohuwa a Jandutsi, ta ce a dama masa da kunu.

Ban taɓa fita Najeriya ba. Ni mai saye ne a gona in sayar a kasuwa, iyakata Yawuri. Sai na nemi Sahabi, direban babbar mota da ke kai albasa Gana, ya ce in zo in zauna gaba. Sahabi Bafulatani ne mazaunin Aliero, mutum ne mai goro a baki kullum, kuma babu abin da ba shi da ra'ayi a kansa, daga farashin taki har yadda ya kamata a yi renon yara. Tun daga Jega yake magana. Sau ɗaya ya yi shiru, da muka zo gangaren nan na bayan Maiyama. Ya rage rediyo, muka yi wa Lawali addu'a, muka wuce.

Muka bi ta Koko muka karya zuwa Bagudo, muka haye kogin Kwara, muka doshi iyaka a Tsamiya. Hanyar nan ba ta da tausayi. Inda kwalta ta ƙare ramuka suka karɓa, mota tana rangaji kamar tsohuwar saniya, ni kuma ina riƙe da ƙofa. Sahabi ya ce in saki jikina, wanda ya ƙanƙame shi ne yake tashi da ciwon baya.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da ni da yawa ba. Da muka shiga ɓangaren Benin sai wani jami'i ya buɗe jakata ya ci karo da ƙullin Inna. Ya ɗaga shi sama, ya sunsuna, ya yi mini tambaya da Faransanci. Na amsa da Hausa. Ya sake yi, na sake amsawa, kowa na ɗaga murya kamar ƙarfin murya ne zai fassara. Sahabi ya zo ya yi masa bayani da 'yan kalmomin da ya tsinta a hanya, ya juyo ya ce mini mutumin ya ce in magani ne to in sha a gabansa. Na kwance ƙullin na zuba a tafin hannu na watsa a baki. Ɗaci kamar maɗaci. Jami'in ya ga yadda fuskata ta yi, ya yi dariya, ya ɗaure mini ƙullin da kansa ya ce mu tafi.

Ban san abin da tsohuwar Jandutsi ta haɗa ba, amma dai na gane hanyar da take bi ta kori aljani. Tsakanin Segbana da Kandi sai da Sahabi ya yi ta tsayawa ina sauka da buta ina shiga daji. Ya ce shekarunsa a kan hanyar nan bai taɓa sanin tana da bishiyoyi haka ba sai da ya ɗauko ni.

A Kandi wasu Fulani mata masu sayar da cuku, wanda suke rina bayansa ja, suka ji Sahabi ya yi musu Fillanci, suka kewaye mu kamar 'yan'uwa sun zo. Da ya gaya musu abin da ke damuna, wata dattijuwa a cikinsu ta dama mini fura da kindirmo mai kauri, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta tambayi inda za ni. Da Sahabi ya fassara mata labarin Nasiru, ta ce uwa ba ta aika babban ɗa a banza, amma in na je kada in fara da tambaya, in fara da kallo. Cikina ya lafa daga nan.

Mutanen Benin burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, ka gutsura ya yi ƙara. A Faraku muka ci sakwara da miyar gyaɗa a rumfar wata mata mai faɗa, wadda ta ƙwace kwanon daga hannuna ta ƙara mini don ta ce na yi kama da marar lafiya. A Kwatano na ga 'yan kabu-kabu duk cikin riga ruwan ɗorawa, sun cika titi kamar fari, ga mata suna tuƙa babur da goyo a baya, babu mai ko waiwayarsu. A Jega da mace za ta yi haka, da an samu abin zance har girbi. Daga nan muka bi gefen teku zuwa Lome. Na daɗe ina jin labarin teku, amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ruwa mai yawa haka a ce ba a ban-ruwan ko fangali ɗaya na gonar albasa da shi. Sauran iyakokin biyu muka wuce lafiya, don na cusa ƙullin Inna ƙarƙashin kujerar Sahabi.

Mun shiga Ankara da hantsi. Aka sauke ni gidan Alhaji Seidu, mai masaukin 'yan albasa a Zango, unguwar Hausawa. Dattijo ne haifaffen can, kakansa ne ya zo daga ƙasar Kabi, kuma yana jin Hausa, sai dai Hausar tasu ba ta raba mace da namiji. Ya ce mini in zauna, matarsa ya tafi kasuwa amma yanzu zai dawo ya ba ni abinci. Na yi ta zuba ido in ga wane irin mutum ne zai shigo, sai ga Hajiya da kwando a ka. Ta kawo mini shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har suka yi ja, da wani baƙin yaji mai kifi a gefe. Na tambayi sunan abincin, aka faɗi wata kalma da in ka saurara da kyau wake ce kawai aka lanƙwasa. Tuwo ma suna da shi, suna ce masa tuwon zafi, ko da ya huce.

Nasiru yana rumfa lokacin. Na tuna maganar dattijuwar Kandi, na roƙi Alhaji Seidu ya nuna mini ɗakinsa. Ɗaki a share, kaya a ninke, dardumar salla ta ci goshi. Babu warin komai. Amma a bango ga hotuna an liƙa, na wasu ƙarafa masu kama da hanyar jirgin ƙasa, sai dai an murɗa su an ɗaga sama kamar igiyar da yaro ya yi wasa da ita. Alhaji Seidu ya ce a duk yaran Arewa da suka zauna gidansa babu mai natsuwar Nasiru, ba ya fashin jam'i, ba ya rigima. Abu ɗaya ne, duk ranar hutunsa sai ya tafi filin wasan yara da ke bayan gari, shi da wasu abokansa, su wuni. Ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai, amma bai ga ya rage shi da komai ba.

Bayan azahar Nasiru ya shigo. Ya yi ƙiba, ya ajiye gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi Inna da kowa da sunansa. Ni kuma ina amsawa ina leƙen ƙwayar idonsa, ina matsowa ko zan ji wani wari. Ya lura. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, Inna ta aiko ka ka gani ko na haukace." Na ce ba haka ba ne. Ya ce haka ne, kuma ba zai yi mini bayani da baki ba, in yi haƙuri zuwa ranar hutunsa in je in gani.

Ranar da ta zo, abin da ya fara ba ni mamaki tun kafin mu isa ne. Muka fito titi ya ɗaga hannu ya tsayar da ƙaramar bas, irin wadda suke kira torotoro, ya shige ya zauna jikin taga, ya matsa mini. Direban yana gudu yana kutsawa tsakanin motoci, Nasiru yana nuna mini gine-gine da yatsa. Na dubi hannunsa a kan gwiwa, ko motsi ba ya yi. 

Filin babba ne, an kewaye shi da katanga mai zane-zane. A ƙofa aka ɗaura mana wata takarda a wuyan hannu kamar jarirai a asibiti. Ciki iyalai ne, uwa da uba da yara, har da kakanni a keken guragu. Ga lilo iri-iri, ga dawakan roba suna zagaye, ga masu sayar da alewar auduga. Can sama kuma sai ka ji wata ƙara kamar tirela ta hau gada, sai ihun mutane ya biyo baya.

Abokan Nasiru biyu suna jiranmu. Ɗaya Kwaku, malamin makaranta ne, siriri mai tabarau. Ɗayar Madam Esi, ma'aikaciyar jinya ce, babbar mace mai 'ya'ya uku, ta girme ni ma. Ta gaishe ni da hannu a ƙirji, ta ce da ni Yaya Umaru, don haka ta ji Nasiru yana faɗa. Ashe su ƙungiya ce guda, suna da zaure a waya inda ba a zancen komai sai waɗannan jiragen wasa masu gudu a kan murɗaɗɗen ƙarfe, wanda aka gina a ƙasa kaza, wanda ya fi tsawo, wanda aka rushe. A nan aka sa bidiyon Nasiru, wanda kyamarar filin ce ta ɗauka, wani ɗan Jega da ke Ankara ya gani ya turo gida ba tare da bayani ba.

Kafin mu kai wurin jirgin sun fara gardama, Nasiru yana fassara mini. Yadda muke zama a majalisa mu yi ta musu a kan wace albasa ta fi jure ajiya, haka suke yi, har da jijiyar wuya. Jirage biyu ne a filin. Tsohon sunansa Kada, sabon kuma Guguwa, wanda aka buɗe kwanan nan. Kwaku ɗan Kada ne. Ya ce Kada yana girgiza mutum har haƙori, kana jin ƙarfe yana kuka a ƙarƙashinka, wannan shi ne jirgi. Guguwa kuwa a wurinsa goyon jariri ne, ya yi santsi da yawa, kuma kana fara jin daɗinsa ya ƙare. Ya ce da abin da aka kashe wurin ado an ƙara masa tudu ɗaya, da ya yafe musu.

Madam Esi ta ce Kwaku ya manta filin na iyali ne. Ta ce ita ta san wuyan mutum nawa Kada ya sa aka shafa wa man zafi. Guguwa kuwa ta hau da autarta, ta hau da mahaifiyarta, kowa ya sauko da ƙafarsa. Ta ce kuma an yi wa masu jiran layi rumfa, wanda duk uwar da ta taɓa tsayuwa da yara cikin rana ta san darajarsa.

Nasiru ya ce duk su biyun ba su faɗi abin da ya fi ba. Ya ce sirrin Guguwa kujerar baya ce. Na gaba yana leƙa gangaren ne a hankali, amma na baya fizgo shi ake yi, har ya ji ya rabu da kujera na ɗan lokaci. Kwaku ya yarda da wannan, amma ya ce tudu ɗaya ba ya yin jirgi. Na tsaya ina kallon ƙanena yana jayayya da Turanci da hannu biyu, yana kawo hujja ana ba shi amsa yana mayarwa. Mahaukaci ba ya jiran a gama magana kafin ya amsa. Shi yana jira.

Adon da suke magana a kai, da muka shiga sai na tsaya cak. An gina wurin ne kamar ƙauyen Arewa. Ga katangar siminti an shafe ta da launin jar ƙasa har da tsagewar ƙarya. Ga rumbuna, ga ƙore an kafe a bango da ƙusa, ga raƙumin roba yana kaɗa kai, ga rijiya da guga. Daga cikin wasu duwatsu kiɗan kalangu yake fitowa haɗe da kukan iska. Labarin da suka shirya shi ne wai guguwa ta faɗo wa ƙauye ranar kasuwa ta kwashe kwandunan 'yan kasuwa ta yi sama da su, don haka kujerun jirgin ma siffar kwando aka yi musu. A wata rumfa na ga albasa an rataye jere, manya jajaye. Hannuna ya kai kafin hankalina, na ciro ɗaya na kai hanci. Roba ce. Wasu yara da ke layi suka yi ta dariya, mai gadi ya zo ya karɓa cikin ladabi ya mayar.

Nan ma ra'ayi ya rabu. Madam Esi ta ce adon ya sa 'ya'yanta sun fara tambayar yadda Arewa take. Kwaku ya ce raƙumin ya yi kama da jaki mai ƙari. Nasiru ya ce shi rumbunan ne ke ba shi haushi, an yi musu ƙofa a ƙasa, da na gaske ne da awaki sun cinye hatsin kafin sati. Suka juyo suka ce ni da na zo daga can, me na gani?  Katangar da muke ɗokin rushewa mu sa bulo, ita ce mutane suka yi layi suna ɗaukar hoto a jikinta, wata mata har da rungumar rumbu. Wani ɓangare na zuciyata ya ji daɗi, wani ya ji kamar ana kwaikwayon tafiyar mahaifinka a gabanka. Na ce musu dai an yi ƙoƙari, amma ƙauyen da babu kashin kaji ban taɓa ganinsa ba. Da lokacin salla ya yi na nufi rijiyar da niyyar alwala, na tarar zurfinta bai kai gwiwa ba, kuma fitila ce a ciki. Da ruwan leda muka yi, muka yi salla a bayan rumbu.

Bayan mun idar Nasiru ya sayo mana soyayyar ayaba mai yaji muka zauna a inuwa mu biyu. A nan ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Ya ce farkon zuwansa filin, albasa ya turo a baro ya kawo wa masu dafa abinci. Yana cikin saukewa ya ji ƙarar ƙarfe da ihun mutane, ya yar da buhu ya ruga, a zatonsa hatsari ne. Yana isa ya ga jirgin ya dawo inda ya tashi, mutanen da suka yi ihun suna sauka suna dariya. Ya ce ya daɗe a tsaye a wurin. Daga nan duk ranar hutu sai ya zo ya tsaya jikin shinge yana kallo jikinsa na ɓari, bai san abin da ke kawo shi ba. Madam Esi ce ta lura da shi, da idon aikinta, ta zo ta yi ta jansa da hira har ya gaya mata. Ba ta matsa masa ba. Watanni suka wuce kafin ranar da ya ce zai hau, ta zauna kusa da shi.

Ya ajiye ayabar ya ce, "Yaya, ranar da motar ga ta kihe ban yi ihu ba. Aka wanke Lawali aka kai shi ban yi kuka ba. Abin ya tsaya min nan, shekara da shekaru. Ranar da na hau, da muka gangaro, sunan Lawali na kira. Na yi ihu har muryata ta dishe. Sai jirgi ya tsaya, na duba hagu na duba dama, kowa ya tashi. Kowa, Yaya."

 Na kama ƙeyarsa na riƙe, yadda nake yi masa yana ƙarami.

To, zancen hawa. Ni ban yi niyya ba. Amma na san in na koma Inna za ta tambaye ni mene ne abin, kuma ba na son in ce mata daga ƙasa na kalla. Aka karɓi hulata aka sa a wani akwati, na tattare babbar riga na cusa tsakanin cinyoyi. Nasiru ya kai mu kujerar baya, tun da ita ce sirrin. Wata yarinya ma'aikaciya ta sauko mana da ƙarfe a kan cinya ta danna, ta sake jijjigawa ta tabbatar. A gabanmu wata 'yar yarinya ce da kitso da kakarta, suna hira kamar suna zaune a tsakar gida.

Jirgin ya fara hawa a hankali, ƙas ƙas ƙas, bayana ya kwanta, ina ganin sama kawai. Da muka kai ƙololuwa na hango rufin gidajen Ankara da teku can nesa. Na ga kwandunan gaba suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na fara kalmar shahada, ban kai ƙarshe ba aka fizge ni. Gaskiyar Nasiru ne, na rabu da kujera, hanjina ya taho wuya. Muka karkata har na ga ƙasa ta gefen kunnena, muka kutsa cikin wani babban rumbu mai duhu da hayaƙi, muka fito, muka sake yin sama. An ce na yi ihu. Ba zan yi musu ba, don na ji wata murya mai kama da tawa tana kiran Inna. Kusa da ni Nasiru ya saki hannu biyu sama yana dariya. Kafin in gama tsorata sai na ji birki, muka shigo a hankali inda muka tashi. Tsohuwar gabanmu ta gyara ɗankwalinta ta sauka.

Na zauna a kan wani dutsen ƙarya, sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ka iya tsayarwa. Kwaku ya matso da gaske yana son jin hukuncina, ko ban ga ya yi gajarta ba? Na ce wa Nasiru ya gaya masa gajartar nan rahama ce, wanda ya yanke shi a nan Allah ya yi masa albarka. Madam Esi ta tafa ta ce ta samu ɗan ɓangarenta. Kwaku ya ce sai na hau Kada zan san abin da nake faɗa. Na ce na bar masa Kada har abada.

Kafin in taso na ce wa Nasiru ya shirya mu koma tare. Ya ce in yi masa haƙuri. Ya ce ya gwada kansa, ya shiga bas ya je Lome ya dawo lafiya, amma doguwar hanyar gida tana son ya ƙara shiri, kuma yana son ya taho da ƙafarsa, ba a ce an je an ɗauko shi ba. Raina bai so ba, amma na ga gaskiyarsa. Na biyo Sahabi muka juyo da lodin goro. Ƙullin maganin yana nan ƙarƙashin kujerarsa, ya ce in bar masa, akwai wani ɗan kamasho da yake son ya yi wa kunu.

Da na shigo gida Inna tana bakin ɗakinta tana tsintar shinkafa a tire. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta ga ni kaɗai ne. Tiren ya karkace a hannunta. Na yi sauri na durƙusa na ce lafiyarsa lau, hankalinsa ya fi nawa. Ta ce shina salla? Na ce ba ya fashin jam'i. Ta ce shina cin abinci? Na ce ya fi ni ƙiba. Ta ce to ihun fa? Na zauna na ba ta labarin duka, har abin da ya gaya mini a inuwa. Ta share ido da bakin zane. Can ta ce ashe kukan Lawali ne yaron yake bin kansa. A ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Damina ta faɗi, muka yi shuka, har gero ya fara fitar da kai. Wata ranar Laraba ina gona wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, ya ce yana tashar Jega, in zo in taya shi ɗaukar kaya. Ban ko wanke ƙafa ba na hau babur. Na same shi zaune a kan jakarsa, ƙafafu sun kumbura, ƙura har gira, yana shan ruwan leda.

Inna ba ta rungume shi ba, ba halinta ba ne. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya rame, alhali ya kusa cika ƙofa. Ta ba shi ruwa a kwanon shanta, ta sa aka kama zakara. Ya shiga ɗakinta ya zauna a tabarma suna 'yar hira, kafin miya ta nuna barci ya kwashe shi a wurin, da takalmi ɗaya a ƙafa. Maƙwabta suka fara sallama, kowa na son ya ga abin da ya rage na mahaukacin Ankara. Inna ta jawo kujerarta ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, ta sa aka ajiye taɓarya, ta kori kaji. Duk wanda ya shigo sai ta ɗora yatsa a baki ta ce ya dawo gobe, ɗanta shina barci.